Taimar waya ta sauƙaƙa min ciwon baya, dan Allah ku faɗakar da teloli

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekara 17 kenan ina kan keke, kuma na rubuto ne dan na ga shafinku na lafiya kullum maganar hawan jini da suga ake yi, wanda ba laifi, amma wallahi ciwon baya da wuya na cin mu a ɓoye, mu teloli da masu ɗinkin hula da yaran da ke buga wa ɗalibai furojet a Samaru da ƴan acaba, kowa sai dai ya wuce kemis ya haɗiyi ƙwaya ya koma bakin aiki.

Azumin da ya wuce ɗinkin sallah ya kusa kwantar da ni. In na zauna bayan tarawi ba na tashi sai sahur, musamman in an kawo wuta, dan ba ka san yaushe za a ɗauke ba. Ƙuguna ya riƙe, ruku'u ma da kyar. Na je asibiti aka tura ni wajen likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya ce in daina dirka wa cikina maganin kashe zafi irin su diclofenac ba ƙa'ida, in ya yi yawa yana taɓa ciki da ƙoda, sannan ya nuna min yadda zan riƙa miƙa jiki, wuya, kafaɗa, ƙugu da bayan cinya, kowanne in riƙe shi sakan 30 in maimaita sau biyu ko uku, a hankali ba fizga, in ji jan jijiya amma kar ya kai ga zafi.

To a nan fa matsalar take. Na dawo gida na yi kwana huɗu na watsar, ba wai raini ba, mantuwa ce, in aiki ya ɗauke ka sai dai ka ji kiran sallah. Kuma ko da na yi ɗin ashe ba na cika lokacin. Ɗan yayana da ke karatu a ABU shi ya gano, ya riƙe waya ina ƙirga talatin a zuciyata, na ce na gama, ya nuna min sakan 14 kacal. Mutum in jijiya na jan sa ƙirgarsa gudu take yi.

Shi ya buɗe min agogon da ke cikin wayata, ashe akwai taima a ciki, ba sai ka sauke komai ba, ba ta cin data. Ya ce su ɗalibai suna da wani tsari wai shi Pomodoro, wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 da agogon kicin mai siffar tumatir, ka yi aiki minti 25 ka huta minti 5. Ni dai 25 ta min kaɗan, ba za ka saki wuyan riga a tsakiya ba, sai na mayar da ita 45. Tana kaɗawa na ɗaga ƙafa daga keke, in miƙe, in dafa teburin yanka in yi abin da aka koya min. Daga baya ya sa min wata manhaja da za ka saita mata sakan 30 na riƙewa da 10 na sauya ɓangare, ita ke ƙirgawa kai naka numfashi kawai. Amma a kula, wasu manhajojin talla ta musu yawa, har da hotunan da ba su dace ba, wasu kuma sai sun nemi kuɗin wata, a nemi mai aiki ba intanet, kuma a kashe ƙarar kafin shiga masallaci.

Yanzu wata biyar kenan, ban ce na warke sumul ba, amma ina sallata a tsaye lafiya lau kuma rabona da kemis an jima. Yaran shagona uku duk tare muke tashi, da farko suna jin kunyar kwastoma, yanzu su ke tuna min. Likitan ya ce miƙa kaɗai ba ta wadatar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, shi ya sa bayan la'asar nake takawa har Ƙofar Doka in dawo. Ya kuma ja kunnena cewa in ciwon na sauka ƙafa ko ƙafar na sanyi kamar ba tawa ba, in bar komai in koma asibiti.

Roƙona Malam Edita, ku samu likitan gashi ya yi bayani da Hausa, da hotunan yadda ake yi, ku buga kafin azumi ya kama, mu liƙa a bangon shagunanmu.

Naku,
Wani tela, Tudun Wada, Zariya