Manhajar Imel Da Aka Yi Watsi Da Ita, A Saki Tushenta Ga Jama'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in ja hankalin masu karatu, musamman ma'aikatan ofisoshi da malaman kwamfuta da ɗalibansu a jihohin Zamfara da Kebbi, kan wani al'amari da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, alhali kuwa ya shafi amanar takardun da muke ajiyewa. Al'amarin shi ne makomar manhajojin karɓa da aika imel waɗanda kamfanonin da suka ƙirƙire su suka daina kula da su. A ranar 31 ga Disamban 2024 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga manhajar Mail da ke zuwa tare da Windows, kamar yadda ya yi wa Windows Live Mail a Janairun 2017, kamar yadda kuma ya yi wa Outlook Express tun kafin nan. Ra'ayina shi ne, duk kamfanin da ya yanke shawarar barin irin wannan manhaja, ya kamata ya saki rubutun tushenta, wato umarnin da aka rubuta aka gina ta da shi, ga jama'a a daidai lokacin da ya janye hannunsa, tun masu amfani da ita ba su watse ba.

Yawancin matasanmu sun san imel ne ta Gmail a wayar hannu ko ta burauza, inda saƙonni ke zaune a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, mai su kuma ba ya ganin mafi yawansu sai da intanet. Amma akwai manhajar da ake ɗorawa a kan kwamfuta, wadda ke haɗuwa da uwar garke, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe da saƙonnin, ta ƙa'idojin karɓar imel da ake kira POP ko IMAP, ta sauko da saƙonni ta adana su a wurin mai ita, ta yadda zai iya karanta tsofaffin wasiƙu, ya bincika su, ya rubuta amsa ya ajiye, sai lokacin da sabis ya samu ta tura. Mu mutanen Zamfara ba ma buƙatar dogon bayani kan amfanin wannan. A farkon Satumban 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layuka a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, an shafe makonni mutum ba ya iya buɗe akwatin imel ɗinsa a Gusau, a sauran ƙananan hukumomi kuwa abin ya fi haka daɗewa. Wanda duk takardunsa ke kan intanet ya zauna hannu rabbana, wanda kuwa ke da kwafi a kwamfutarsa ya ci gaba da duba takardar kwangila ko jerin sunayen ɗalibai ko wasiƙar da ma'aikatarsa ta aiko a bara. Ko a lokacin zaman lafiya ma, tsadar data da raunin sabis a karkara sun isa hujja.

Manhajar da ake sayar mana kwamfuta ce kaɗai ke fahimtar abin da ke cikinta. A bayanta akwai rubutun tushe, wato umarnin da masu gina ta suka rubuta cikin harsunan kwamfuta irin su C++, kuma da shi ne ake gyara kuskure ko ƙara wani sabon abu. Idan kamfani ya kulle wannan rubutu sannan ya daina aiki a kansa, manhajar takan ci gaba da buɗewa kamar kullum, sai dai ƙa'idojin sadarwa suna canzawa su bar ta a baya. A watan Mayun 2022 Google ya rufe ƙofar Gmail ga manhajojin da ke shiga da suna da kalmar sirri ta yau da kullum kawai, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com a Satumban 2024, kuma tun 2021 aka ayyana tsofaffin matakan tsaron sadarwa na TLS 1.0 da 1.1 a matsayin waɗanda bai kamata a ƙara amfani da su ba. Gyaran da tsohuwar manhaja ke buƙata domin ta bi waɗannan sauye-sauye sau da yawa ba mai girma ba ne, amma babu mai ikon yin sa idan tushen yana kulle a wurin kamfanin da ya riga ya juya baya.

Labarin Eudora shi ne ya fi bayyana abin da nake nufi. Steve Dorner ne ya fara rubuta ta a 1988 a Jami'ar Illinois da ke Amurka, kamfanin Qualcomm ya karɓe ta a 1991, kuma cikin shekarun 1990 ta kasance ɗaya daga cikin manhajojin imel da suka fi farin jini a duniya, musamman a jami'o'i. A Oktoban 2006 Qualcomm ya fitar da sigarta ta ƙarshe ta kasuwanci, ya kuma sanar cewa nan gaba za ta zama buɗaɗɗiyar manhaja. Sai dai abin da aka yi a zahiri shi ne aka ɗauki wata manhajar imel, Thunderbird ta ƙungiyar Mozilla, aka yi mata kwalliyar Eudora, aka fitar da ita a 2010 da sunan Eudora OSE, wadda ba ta gamsar da tsofaffin masu amfani ba, aka kuma yi watsi da ita bayan 'yan shekaru. Ainihin tushen bai fito ba sai a watan Mayun 2018, lokacin da gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kalifoniya ya sake shi a ƙarƙashin lasisin BSD, mai ba kowa damar amfani da shi da gyara shi, bayan tattaunawar shekara 5 da Qualcomm, wanda ya miƙa wa gidan tarihin haƙƙin mallakar rubutun da sunan manhajar. Qualcomm ya cancanci yabo, domin kamfanoni da yawa ba su yi ko rabin haka ba. Amma daga 2006 zuwa 2018 shekara 12 ke nan, kuma cikin wannan tsakani jama'a sun koma Gmail da wayoyin hannu, ƙwararrun da suka san cikin manhajar sun kama wasu ayyuka. Masu sa kai sun ɗauki tushen a ƙarƙashin sunan HERMES Mail, suka tarar an cire sassan da wasu kamfanoni suka mallaka waɗanda ba a da izinin rabawa, don haka kafin su ƙara wani abu sai da suka fara fafutukar cike waɗannan giɓoɓi.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ya shafe mu kai tsaye. Eudora ba ta taɓa iya sarrafa tsarin haruffa na Unicode yadda ya kamata ba, kuma da wannan tsari ne kwamfuta ke nuna haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, da kuma rubutun ajami. Wanda ya karɓi wasiƙar Hausa a tsohuwar manhaja irin wannan yakan ga wasu baƙin alamomi a inda harafin ya kamata ya zauna. Kamfanin da ke lissafin riba a Amurka ba shi da dalilin kashe kuɗi kan wannan matsala, amma ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Gusau ko Aliero yana da dalili, in har ƙofar a buɗe take.

A gwada wannan da abin da ya faru da Netscape, kamfanin da ke yin burauza mai haɗe da manhajar imel. A ƙarshen Maris na 1998, lokacin da kamfanin ke shan kaye a hannun Microsoft amma har yanzu yana da miliyoyin masu amfani da ma'aikatan da suka san aikin, ya saki tushen manhajarsa, daga nan aka samu Mozilla, daga Mozilla kuma aka samu burauzar Firefox da Thunderbird, wadda sigarta ta farko cikakkiya ta fito a Disamban 2004. A 2012 ita kanta Mozilla ta rage ƙarfin da take sakawa a Thunderbird, kuma da a ce tushenta a kulle yake da ƙarshenta ke nan. Masu sa kai suka riƙe ta, tun 2020 tana ƙarƙashin wani reshe mai suna MZLA, tana rayuwa da gudummawar masu amfani da ita, har ta fito a wayoyin Android a 2024. Haka Jami'ar Washington ta maye gurbin manhajarta ta imel Pine da Alpine a 2007 a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisin Apache, a shekarar ce kuma Cyrus Daboo ya buɗe tushen manhajar imel da ya rubuta, Mulberry, bayan kamfanin da ke sayar da ita ya durƙushe. Manhajojin imel na Sparrow kuwa, da Google ya saya a 2012, da Mailbox da Dropbox ya saya a 2013 ya rufe a Fabrairun 2016, sun tafi ke nan da tushensu.

Adalci ne in kawo hujjojin kamfanoni, domin ba duka ba ne na son kai. Tsohuwar manhaja takan ƙunshi sassan da aka yi haya daga wasu, kuma tantance su aiki ne na lauyoyi da injiniyoyi wanda ke cin kuɗi ba tare da ya kawo ko sisi ba. Wasu manhajojin, kamar Mailbox, sun dogara da uwar garken kamfanin, ta yadda sakin ɓangaren da ke kan na'ura kaɗai ba zai tsinana komai ba. Akwai kuma fargabar cewa ɓarayin intanet za su karanta tushen su gano kafofin shiga. Wannan hujja ta ƙarshe ba ta gamsar da ni, saboda ɓarayi suna gano kafofi a rufaffun manhajoji kullum, bambancin kawai shi ne a rufaffiyar da aka bari babu mai toshe kafar. Hujjar da ba a cika furtawa ba ita ce ta kasuwa: kamfanin da ke son tura mutane zuwa sabuwar hajarsa ba ya son tsohuwar ta ci gaba da numfashi a hannun wasu.

A al'adarmu ta Musulunci mun san wakafi. Mutum yakan haƙa rijiya, idan ya tashi daga unguwa ya bar ta ga jama'a maimakon ya rufe bakinta da kankare. Amma mun kuma san cewa rijiyar da babu mai yashe ta ƙasa ce ke cike ta, ko da an rubuta wakafi a jikinta. Sakin tushe ma haka yake: yana ba da izinin gyara, amma masu gyaran sai an same su, kuma an fi samun su tun jama'a na ɗibar ruwan.

Na san Microsoft da Google ba za su canza manufa saboda wasiƙa daga Gusau ba, don haka ga abin da ke hannunmu. Gwamnatocin jihohinmu suna biyan 'yan kwangila kuɗin jama'a domin su gina musu manhajojin albashi, na tara haraji, na rajistar ɗalibai da na sadarwar cikin gida. A aikina na gyaran kwamfuta na taɓa cin karo da wani ofis da wasiƙunsa na shekaru suka maƙale a tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, cikin fayilolin DBX, tsarin da Outlook Express ke adana wasiƙu da shi, wanda ya kafa musu tsarin kuma ya daɗe da barin gari, ba wanda ya san ko kalmar sirrin. Irin wannan na iya faruwa da kowace manhajar da ɗan kwangila ya riƙe tushenta. Ya kamata kowace yarjejeniya ta ƙunshi sharaɗin cewa za a miƙa rubutun tushe ga gwamnati, kuma idan kamfanin ya daina kula da manhajar, gwamnati na da ikon ba wani ya ci gaba ko ta sake shi ga kowa. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya, domin ƙasar Suwizalan tana da dokar da ta fara aiki a 2024 wadda ta wajabta wa hukumomin tarayyarta sakin tushen manhajojin da aka gina musu, sai inda haƙƙin wasu ko tsaro ya hana. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, wadda dokar 2007 ta ba ikon tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa ga ma'aikatun gwamnati, tana iya fitar da irin wannan sharaɗi, takwararta ta jiharmu Zamfara, ZITDA, kuma tana iya fara aiki da shi ba tare da jiran Abuja ba.

Ga manyan makarantunmu kuma, irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda da ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, tushen Eudora da na Thunderbird suna nan kyauta ga duk mai son karantawa. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya fassara wani ɓangare na Thunderbird zuwa Hausa, ko ya rubuta ƙaramar manhajar da ke kwashe wasiƙu daga DBX zuwa MBOX, wanda tsari ne buɗaɗɗe da manhajoji da yawa ke karantawa, ya koyi abin da ya fi maimaita aikin da na gaba da shi suka riga suka yi.

Su kuma ofisoshin da har yanzu ke riƙe da tsofaffin manhajoji, shawarata ita ce su kwashe wasiƙunsu zuwa MBOX tun kwamfutar na tashi, su ajiye kwafi biyu a wurare daban, su kuma tuna cewa tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ina kuma roƙon Edita ya tura wakilansa na Gusau da Birnin Kebbi su tambayi ma'aikatun da abin ya shafa a hannun wa tushen manhajojin da aka saya da kuɗin jama'a yake, sannan a buga mana amsar da suka bayar.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Gusau, Jihar Zamfara.