Haruffan zamani, to ina ƙugiyarmu?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Rubutun nan na shafinku na fasaha, na makon jiya, sau biyu na karanta shi, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Marubucin ya yi ta zuba wa wasu salon haruffan bugawa guda biyu, Futura da Eurostile, kirari sai ka ce maroƙi a gidan biki. Ban musa ba, suna da kyau. Futura da Paul Renner ya zana a Jamus, ta fito a 1927, O ɗinta kamar an kifa faifai an zagaye, ita ce ma a jikin allon ƙarfen da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka baro a duniyar wata a 1969. Eurostile kuwa ta Aldo Novarese ce, daga Italiya, 1962, mai kama da fuskar tsohuwar talabijin. To amma a jaridar Hausa, a ce mutum ya cika shafi guda yana tallar haruffa, bai ko tambaya ba ko suna da ƙ da ɗ da ɓ?

Ni buga kati ne sana'ata. Bara wani alhaji ya kawo aikin katin buɗe shagonsa na wayoyi, ya ce shi irin rubutun jikin jirgin sama yake so. Na zaɓa masa ɗaya daga cikin irin waɗannan da kuke yabo. Duk inda ƙ ta zo, sai ta fito siririya, 'yar wani gidan daban, tana tsaye tsakanin ƙartin haruffa kamar bare. Na fita sallar la'asar, yaron shagona ya ga abin bai yi masa kyau ba, ya bi ya cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, ya tura inji. Kati ɗari biyar! A tsakiya, ɓaro-ɓaro: "Manyan baki". Hakimi ne fa a jerin sunayen. Alhaji ya ɗaga katin ya ce, "Malam, bakin wa ka gani?" Da kuɗina na sake sayen takarda, na kwana a shago.

Da marubucinku ya yi wa mutane adalci, da ya ce kafin ka zaɓi salon haruffa ka fara buga "ƙwaƙwalwa" da "ɓarauniya" ka gani. Da ya ambaci Noto Sans da Andika, kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffanmu har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ba su da ƙyale-ƙyalen jirgin sama, amma ba za su mai da ƙasa kasa ba.

Ku ma kanun labaranku na shafin farko, tun da kuka sauya salo, ƙugiya ta yi ɓatan dabo. Ku duba na ranar Juma'a.

Sannan don Allah a yi wa tawadar nan taku magani. Farar rigata biyu ke nan ta lalata.

Naka mai karatu,
wani mai buga kati, Fagge, Kano