Wasiƙa daga Jidda: batun taurarinka huɗu

Assalamu alaikum mutumina,

Ina fatan kana lafiya, kai da amarya da yara. Zanen aikinka na taurarin ɗan adam huɗu da Baffa ya kawo shi ya sa na ɗauki biro, don akwai abin da ya tsaya mini a rai: ka ɗora duk shawara a kan tauraro ɗaya, sauran ukun 'yan amshin shata. Don Allah ka gyara kafin ka kai wa malaminka. Ka san yadda ayarin alhazai ke watsewa a Jamarat in mai tuta ya ɓace. Haka naka zai yi ranar da rediyon jagoran ya mutu.

Ka nemi bayanin Starling na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ƙananan taurarin ɗan adam huɗu da aka harba a Yulin 2023. Kowanne ya riƙa auna yadda siginar GPS ke sauyawa in ta ratso iska mai caji ta can sama, ya tura wa 'yan uwansa ta rediyon da ke tsakaninsu, sannan su raba aikin da kansu. Dole ce ta sa: a ƙaramin falaki, wato zagaye na kusa da duniya, tashar ƙasa kan ga tauraro kamar minti 10 ne a wucewa ɗaya. In kuwa duniyar Mars ce, saƙo kan ci minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Wa zai jira?

Wahalar tana wajen jituwa. Ka sa lokacin GPS a kan kowane saƙo, domin suna gudun kusan kilomita 7.5 a daƙiƙa. Agogo ya kauce da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ka yi kuskuren mita 7.5. Ka yanka wa kowane saƙo wa'adi, in ya wuce a watsar da shi, in ba haka ba za su riƙa yanke hukunci da tsohon labari. Sai babbar: layi ya yanke, su rabu biyu-biyu, kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ya mutu, su rungumi aiki ɗaya, wani aikin ya zauna ba mai yi. Mafi muni, biyu su hango karo, kowanne ya kauce, su kauce gefe guda. Maganinsa doka tun daga ƙasa: mai ƙaramar lamba ya motsa, ɗayan ya tsaya a hanyarsa. Kai da ba ka taɓa raba naman layya ba a yi rigima ba, wannan sashen ka ba shi lokaci!

Af, Inna ta samu ta yi Umrarta, ƙafar da sauƙi. Yaran unguwa kuwa tun tafiyar 'yar Saudiyya Rayyanah Barnawi sararin samaniya a Mayun 2023 kowa sama za shi.

Ka duba Proba-3 na Turai ma, na Disamban 2024: taurari biyu ne masu tafiya a jere, tazarar kusan mita 150, daidaito na milimita. Ba sa riƙe jerin sai awa 6 cikin zagayen kusan awa 20, can nesa inda jan duniya ya yi rauni, don kada mai ya ƙare. Naka zanen bai ce komai kan mai ba, alhali shi zai fara ƙarewa.

Ka gaida mai gemu, ka ce ajwarsa na hannun Baffa. Kilishin nan kada ka aiko mai yaji sosai.

Naka,
abokinka na Jidda