Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gyaran bakin wuƙa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, saƙonka ya iso ni tare da hoton wuƙar da ka saya, wadda bakinta ya yi giɓi a wuri biyu, tsininta kuma ya karye, har ka ce kana shirin kai ta wurin mai injin wasa. Na yi murna da wannan sha'awa da ta kama ka, amma ina so ka jingine maganar inji tukuna, ka saurari dalilina.

Daga hoton na ga alamar ƙirar maƙeranmu ce, kuma su galibi da ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci suke aiki. Ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar kaifi cikin sauƙi, sai dai taurinsa ba da shi aka haife shi ba, maƙeri ne ya ba shi. Ya gasa shi har ya yi ja, ya tsoma shi cikin mai ko ruwa, sannan ya sake ɗumama shi a hankali a zafin da ke kusa da digiri 200 a ma'aunin Selsiyas domin ya rage masa gautsi. Dutsen inji kuwa yana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuma siriri ne, ba shi da kaurin da zai shanye zafi. Kafin hannun mai riƙe da ita ya ji ɗumi, bakin ya riga ya ƙone. Za ka ga ƙarfen ya sauya launi daga ruwan kara zuwa shuɗi, wanda ke bayyana a wajen digiri 300, kuma duk inda ya yi shuɗi ya yi laushi ke nan. Irin wannan wuƙa za ta yi kaifi a ranar da ka karɓo ta, washegari ta dakushe, kuma babu wasawar da za ta dawo da ita sai an cinye duk ƙarfen da ya ƙone an kai ga mai lafiya. Akwai masu inji da suka san aikinsu, suna taɓawa kaɗan suna tsomawa a ruwa, amma kai da kake son koyo, hannunka ya kamata ya fara sanin ƙarfen.

Ba ka bukatar duwatsu da yawa. Lambar da ake rubutawa a jikin dutsen wasa tana nuna kaushinsa: ƙaramar lamba dutse mai kaushi, babbar lamba mai santsi. Ka nemi ɗaya tsakanin 220 da 400 don cin ƙarfe, da ɗaya mai lamba 1000 don fitar da kaifi, da ɗan guntun fata mai kauri da za ka manna a kan katako. Duwatsun Japan da ruwa suke aiki, wasunsu sai an jiƙa su har kumfa ta daina tashi, na Arkansas da ke Amurka kuma da mai aka saba amfani da su. Dutsen da ya taɓa shan mai ba ya komawa ruwa yadda ya kamata, kuma kada ka sa masa man girki, domin yakan yi danƙo ya toshe ƙofofin dutsen. Idan duwatsun sun yi maka tsada, samfefar da ba ta tsoron ruwa, a shimfiɗe kan gilashi mai kauri, za ta yi maka aikin.

Ka fara da giɓin, kada ka fara da kaifi. Ka tsayar da wuƙar kusan a miƙe a kan dutse mai kaushi, kamar kana son yanka shi, ka riƙa ja tun daga gindi har tsini, har sai duk bakin ya sauko daidai da zurfin giɓi mafi girma. Zuciyarka za ta sosu ganin kana dakushe wuƙarka da hannunka, amma idan ka tsaya kan wurin giɓin kaɗai za ka yi wa bakin rami, kuma bakin wuƙa mai rami ba ya sauka gaba ɗaya a kan katakon da ake yanka abu a kansa. Tsinin kuwa daga bayan wuƙar ake gyara shi. Ka ci ƙarfen bayan yana gangarowa har ya haɗu da baki, ta haka lanƙwasar bakin za ta zauna yadda maƙerin ya yi ta.

Sai kusurwa, wadda a kanta nake so ka fi daɗewa. Wuƙar aiki irin taka, da za ta haɗu da nama da igiya da itace, digiri 20 a kowane gefe ya dace da ita. Ta ɗakin girki ana iya sauko da ita zuwa 15, za ta fi yanka amma za ta fi saurin yin giɓi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan faɗin wuƙar santimita 3 ne, ka ɗaga bayanta daga dutsen kimanin santimita 1, ka sami abin da ke kusa da digiri 20. Ko ka kuskure da digiri biyu babu laifi, muddin ka riƙe kusurwar da ka zaɓa tun daga farko har ƙarshe. Abin da ke ɓata aikin mai koyo shi ne wuyan hannu da ke rawa, ja ɗaya sama, ja ɗaya ƙasa, har bakin ya yi ƙumbo ya ƙi yanka. Ka kafe wuyan hannunka, motsin ya fito daga kafaɗa da gwiwar hannu, yatsu biyu ko uku na ɗaya hannun suna danne daidai inda ƙarfe ke taɓa dutse. Idan ka zo wajen lanƙwasa kusa da tsini, ka ɗan ɗaga mariƙin domin bakin ya ci gaba da taɓawa. Ka shafa wa bakin tawadar alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka kafin ka fara, bayan ja kaɗan ka duba. Idan tawadar ta goge a sama ta rage a can baki, ka kwantar da wuƙar da yawa. Idan a baki kaɗai ta goge, ka tayar da ita da yawa.

Kada ka juya zuwa ɗaya gefen don ka gaji, ko don ka ƙirga wani adadi. Ka ci gaba har sai wani siririn leɓen ƙarfe ya lanƙwaso ta gefen da ke sama, wanda ido ba ya cika ganinsa amma babban yatsa yana jin sa yana karce idan ka shafo daga bayan wuƙar zuwa baki. Ka shafo ta haka kawai, kada ka taɓa bin tsawon bakin da yatsa. Wannan leɓe shi ne shaidar cewa wasawar ta kai ƙarshen ƙarfen, kuma dole ka ji shi tun daga gindi har tsini ba tare da ya yanke ba. Sannan ka juya ka yi haka a ɗaya gefen. Wanda ya bar dutse mai kaushi kafin leɓen ya fito, ko ya kwana a kan dutse mai santsi, ƙyalli kawai zai samu.

Tunda ka ci ƙarfe don kawar da giɓi, sabon bakin ya koma wuri mai kauri, saboda haka za ta iya yin kaifi amma ta riƙa cijewa cikin albasa ko doya. Maganinsa ka kwantar da ita ƙasa da kusurwar da ka zaɓa, ka rage kaurin ƙarfen da ke bayan bakin a gefe biyu daidai wa daida.

Daga nan aikin ya yi sauƙi. Ka koma dutsen 1000 da hannu marar nauyi, kana sauya gefe bayan kowane ja, nauyin yana raguwa har ya zama na wuƙar kaɗai. Ka ƙare a kan fata, kana ja da baya, bakin yana bin sawu, yadda ka ga wanzamai na yi wa aska, har leɓen ya fita sarai. Ka kalli bakin a ƙarƙashin haske: duk inda ya yi walƙiya bai gama ba, domin baki mai kaifi ba ya mayar da haske. Sai ka gwada ta a takardar jarida ko fatar tumatir.

Ka ce kana son yin layya da ita. Ka tuna hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa. Ka gama wasawar tun jajiberi, nesa da idon dabbar, kuma ka ware wata wuƙar dabam don ƙashi da gaɓoɓi, domin ƙashi ne ke yi wa baki giɓi.

Ƙarfen sifirin yana tsatsa da wuri, musamman da damina. Ka wanke ta da zarar ka gama aiki, ka goge ta ta bushe, ka shafa mata ɗan mai, kuma kada ka bar ta watanni cikin kube, domin fata tana riƙe laima. Dutsen ma yakan lotsa a tsakiya, sai ka zana masa layuka da fensir ka goga shi a kan samfefa da gilashi har layukan su ɓace gaba ɗaya. Ka ajiye duka inda hannun jikokina ba zai kai ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Idan leɓen ya ƙi fitowa a wani wuri, ka aiko mini da hoton bakin bayan ka shafa masa tawada, zan faɗa maka inda hannunka ke kaucewa.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.