Zuwa ga ɗana, kan takardar gwajin jininka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Gusau lafiya lau, sai zafi.

Na ga hoton takardar gwajin da ka turo ta WhatsApp. Ƙanenka kuma ya ce ka gaya masa wai tunda bilirubin ɗinka ya ɗan hau, kai da ciwon zuciya har abada. Wanda ya tsufa a ɗakin gwajin jini ba zai ji wannan ya yi shiru ba.

Ƙwayar jan jini takan yi kamar kwana 120 tana aiki. In ta tsufa sai saifa ta farfasa ta, daga nan ake samun bilirubin, wani sinadari mai ruwan ɗorawa, hanta ta sarrafa shi ta tura matsarmama. A jikin babba bai cika wuce 1.2 ba. In ya doshi 3 sai farin ido ya koma rawaya, shawara ke nan. Naka 1.8 ne, kuma kana azumi aka ɗebi jinin. Tunda likita ya ce sauran gwajin hanta lafiya, maganarsa ta larurar Gilbert ta shiga hankali. Larura ce ta gado mai sa bilirubin ya ɗan hau, wani likitan Faransa ya bayyana ta tun 1901, takan motsa in mutum ya ji yunwa ko gajiya ko zazzaɓi, ba ta kuma bukatar magani. Don Allah kada wata gwaggo ta ɗora maka jiƙon shawara.

Abin da ka karanta, cewa bilirubin na kare zuciya, yana da tushe. Ciwon zuciya yakan fara ne da kitsen da ke maƙalewa a bangon hanyoyin jini. Kitsen nan yakan lalace kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, jiki ya taso masa da kumburi na ɓoye, ba zafi ba ciwo, shekara da shekaru hanya na tsukewa. A 1987 masana a Amurka suka nuna cewa bilirubin na tare irin wannan lalacewa. A 1994 aka lura cewa masu ƙarancinsa sun fi samun toshewar jijiyoyin zuciya.

To amma ga inda ka tsallake. Mai shan taba da mai teɓa da mai ciwon suga, galibi nasu bilirubin ɗin ƙasa yake. Ka ga ke nan mai yiwuwa halin rayuwarsu ne ya kayar da su, ba ƙarancin sinadarin ba. Da aka bi ta ƙwayoyin gado don a raba gardama, hujjar kariyar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Har yau babu likitan da ke ɗaga wa mutum shi don ya kare masa zuciya.

Ni abin da ya tsaya mini a takardar nan shi ne awon jininka, 148 bisa 94, wanda ko ambatonsa ba ka yi ba. Hawan jini ne ya kwantar da kakanka. Ka sake awo cikin makon nan, ka rage gishiri da dunƙule da jan nama na dare, shishar nan da nake jin labari kuma ka bar ta. Ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, ka kai matarka ita ma. In ka taɓa ganin fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya sosai tare da zazzaɓi ko ƙaiƙayi, kada ka kwana ba ka ga likita ba.

Innarka ta ce ka kira ta bayan isha'i. A shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka