Zuwa ga Rabi a Fatakwal

Assalamu alaikum Rabi ƙawar arziki,

Wai ke haka ake yi? Tun bikin Jamila ban ƙara jin ɗuriyarki ba, sai dai in ga kin ɗora hoto a WhatsApp kina cin gasasshen kifi, ko ki ce Hadiza kina nan da rai. Ya Abban Sadik da yara? Mu nan Gombe damina ta kankama, shekaranjiya ruwan kwatar layinmu har ɗakin Baba Laure ya shiga, da tsintsiya muka kwana.

Rabi an fasa auren Ummi. Eh, Ummin Yaya Saratu. An sa rana, an kawo lefe har an gama nuna wa dangi, kawai sai ga aike wai a haɗa musu kayansu, uwar saurayin ta riga ta yi masa mata a Kumo, 'yar ƙanwarta, shi kuma gogan ko uffan bai iya cewa ba, shekara uku yana sintiri a ƙofar gidan nan. Yaya ta rasa yadda za ta yi da Ummi shi ne ta turo min ita ta yi dogon hutun nan a wajena. Da ta zo ba ci ba magana, ba ta ma kuka, ta dai zauna ta ƙura wa bango ido, wallahi shirun nan ya fi tayar min da hankali.

To kin tuna jakar Ghana-must-go ɗinmu ta littattafai? Tana nan ƙarƙashin gado, gara ta ɗan taɓa na ƙasan amma sauran lafiya lau. Na zazzage mata su a tabarma ban ce komai ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino ta fara ɗauka, wanda muka liƙe bangonsa da salatif, har da rubutunki a shafin farko da jan biro, kin zana zuciya kin soke ta da kibiya kin sa harafin wani bawan Allah da ba zan faɗa ba don na san Abban Sadik yana duba miki waya. Tana zuwa wajen da Sumayya ta faɗa rijiya saboda an raba ta da Muhammad za a ba mai kuɗi, sai ga ta a kicin ina tuƙa tuwo, ta faɗo jikina ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Na yi hamdala, amma gabana ya faɗi da zancen rijiyar nan, don haka na sauke tukunya muka zauna na ce Ummi wannan labari ne, ke kina da uwa kina da mu, ba namijin da ya kai ki salwantar da ranki a kansa. Ranar ta ci abinci.

Yanzu ta cinye So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ta ƙi yarda wai tun 1980 aka buga shi a Zariya, ta ce Boɗaɗo, tauraruwar littafin, sak kakarsu ta Dukku wajen kafiya. Jiya na miƙa mata Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, da gangan na yi, ina so ta ga takwararki Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Har gobe ƙarshen littafin nan yana ci min rai, yadda aka taru aka matsa mata ta koma gidan Alhaji Abdu bayan ya tsiyace, amma ai haka ake yi mana, marubuciyar ba ta yi ƙarya ba.

Shi ya sa littattafan wayar nan ba sa shiga raina sosai. Ki tura kuɗi, ki tura shaidar biya, a saka ki a guruf, kullum shafi ɗaya, kuma yawanci saurayin ɗan mai kuɗi ne mai girman kai, daga Abuja sai Dubai. Yarinyar da aka kwashe wa lefe me za ta tsinta a ciki? Ban ce duka ba fa, akwai masu alƙalami na gaske, ki duba matan da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016.

Af, mai shagon hayar littafin nan na bakin kasuwa da muke ɓoye littafinsa a cikin hijabi saboda Malam, yanzu POS yake yi da sayar da caja, ya yi furfura, ya ce in gaishe da mai cin bashin nan. Maman Hanifa kuma ta haihu, namiji, suna ranar Laraba.

Allura Cikin Ruwa na biyu yana hannunki tun kafin aurenki, kar ki ce min a'a, Ummi ta kusa gama na ɗaya. Ki ba direban motar Gombe in kin samu mai zuwa. Kuma don Allah ki kira ta, tana jin maganarki, amma kar ki ɗauko mata zancen auren sai in ita ta fara.

Taki,
Hadiza