Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Gunduma: kwamitin albarkatun teku na jiran amsa a rubuce

Mai girma Shugaba, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto maka ne game da kwamitin 'yan sa-kai da ke ba ofishinka shawara kan albarkatun teku, wato kifi da kaguwa da kawa, da ciyawar ƙarƙashin ruwa, da tsabtar ruwan kansa, da hanyoyin da jama'a ke bi su isa gaɓa. Abu uku muke roƙo, kuma babbansu shi ne duk shawarar da kwamitin ya miƙa a rubuce a mayar masa da amsa a rubuce cikin kwana 60, ko an karɓa ko an ƙi, tare da dalili.

Irin wannan kwamiti ba ya kafa doka, ba ya kama kowa, ba ya cin tarar kowa. Duk ƙarfinsa bai wuce hukuma ta saurare shi ba. Masuncin da ya ɗaure kwale-kwalensa ya zo zaman awa biyu, kamun wannan ranar ya sadaukar. In ya ga an yi wata shida ba wanda ya ce uffan a kan abin da suka tattauna, ba zai rubuta takardar ajiye aiki ba, ƙafa kawai zai ɗauke. Kuma waɗanda ke fara ɗauke ƙafa su ne masu aikin yi a kan ruwa, waɗanda aka fi buƙatar saninsu. Sai a wayi gari ana ta zama duk wata, ana rubuta rahoto, amma babu ko mutum ɗaya a ɗakin da ya jefa koma cikin makon nan.

Abin da ya faru a Niyufanlan ta ƙasar Kanada ya isa darasi. Tun cikin shekarun 1980 ƙananan masunta na kusa da gaɓa suke kukan cewa kifin kod yana raguwa, wanda ake kamawa ma ƙanana ne. Lissafin hukuma kuwa ya jingina sosai da kamun manyan jirage, waɗanda ke da na'urar gano inda kifi ya taru. Jirgi irin wannan yana iya cika cikinsa ko da kifin ya kusa ƙarewa, domin ragowar da ke dunƙule wuri ɗaya yake bi. Alƙaluma suka daɗe suna nuna lafiya lau, daga ƙarshe a watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun gaba ɗaya, mutane wajen 30,000 suka rasa abin yi. Masu sanin gaskiyar lamarin sun yi magana da wuri, ba a dai tanadi hanyar da za ta tilasta a amsa musu ba.

Amsar da muke nufi ba sai ta yi tsawo ba, shafi ɗaya ya wadatar. Ko dai a ce an karɓa, ga jami'in da zai aiwatar, ga ranar farawa. Ko a ce an ƙi, saboda kuɗi ko doka ko wata maslaha da ta rinjaya, a kuma faɗe ta da sunanta. Ko a ce maganar ta fi ƙarfin gunduma, an tura ta ofishi kaza ranar kaza. Ta ukun nan za ta yi yawa, domin iko a kan teku a rarrabe yake. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku ta ba ƙasa mil 12 na ruwa a matsayin yankinta, da mil 200 na cin moriyar albarkatu, kuma galibi gwamnatin ƙasa ko ta jiha ce ke riƙe da lasisi da ƙa'idar kamu. Abin da ke hannun gunduma yawanci na tudu ne: izinin gini a bakin ruwa, magudanai, shara, hanyar shiga gaɓa, wurin sauke kifi. A bayyana wa mambobi wannan tun zaman farko, kada su ɓata shekara suna tsara dokar girman idon raga alhali ofishinka ba shi da hurumin sa mata hannu. Ƙin da aka faɗi dalilinsa ba ya korar ɗan sa-kai. Shiru ne ke korarsa.

Roƙo na biyu shi ne takardar kafa kwamiti, wadda majalisar gunduma za ta amince da ita, don kada kwamitin ya zama abin da ke tashi da faɗuwa da wanda ke kan kujera. Mambobi su kasance tsakanin 9 da 15. Ƙasa da haka, mutum biyu suka yi tafiya zama ya watse. Sama da haka, rabin ɗakin ba zai samu bakin magana ba. A raba kujeru bisa sana'a, ba bisa suna ba: ƙananan masunta, masu manyan jirage, masu sarrafa kifi da dillancinsa (a wurare da yawa mata ne, kuma su aka fi mantawa), masu kiwon kawa, tashar jirage, masu harkar baƙi, da masanin kimiyyar ruwa ɗaya ko biyu. Inda akwai al'ummar asali mai haƙƙin kamu da doka ta tabbatar, ba kujera ɗaya za a jefa musu a cikin jerin masu ruwa da tsaki ba, a tuntuɓi shugabanninsu hukuma da hukuma. A jihar Washinton ta Amurka, hukuncin alƙali Boldt na 1974 ne ya tabbatar wa ƙabilun asali masu yarjejeniya da gwamnatin Amurka rabin kifin da ya halatta a kama, tun daga nan kuma abokan gudanarwa ne, ba baƙin da ake gayyata ba.

Wa'adi ya zama shekara uku, a jeranta shi yadda kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai sauka kowace shekara, don kada sanin aiki ya fice rana ɗaya. Wanda ya yi fashin zama uku a jere ba uzuri, kujerarsa ta zama fanko, a cike ta cikin wata biyu. Zama ba ya halatta sai da rabi da mutum ɗaya. Duk wanda ke da moriya a maganar da ake yi, misali mai neman izinin kafa gonar kawa a wurin da ake tattaunawa, ya faɗa da bakinsa a farkon zama, ya bayar da bayaninsa, amma kada ya jefa ƙuri'a. In ra'ayi ya rabu, a rubuta na marasa rinjaye a ƙasan shawarar. Kai ma ka fi amfana da sanin cewa masunta uku ba su yarda ba, da ka ji labarin bayan ka sa hannu.

Lokacin zama ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma a nan ofis ya fi yin kuskure. Teku ba ta bin agogon ma'aikata. A mafi yawan gaɓoɓi tana cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, kuma janyewa mafi nisa tana zuwa ne a kwanakin sabon wata da cikarsa. Waɗannan kwanakin su ne kasuwar mai tsintar kawa. In aka kafe zama a kan Talatar farko da ƙarfe goma na safe, a wasu watanni an kore shi ke nan ba tare da an ce masa kada ya zo ba. A fitar da jadawalin shekara da teburin cikar teku a gaba, a kauce wa tsakiyar kakar kamu, a riƙa kai zaman garuruwan gaɓa bi da bi. Ajanda ta isa hannun kowa kwana 7 kafin zama. Zaman kada ya wuce awa biyu, a ware minti 15 ga duk wanda ya zo daga cikin jama'a. Rahoto ya fito cikin kwana 10, ya ƙunshi abin da aka yanke, da wanda zai yi, da ranar gamawa.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da roƙonmu na uku, wato jami'in tsare-tsare mai albashi, ko da na rabin lokaci ne. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kiran waya, kama ɗakin taro, rubuta rahoto, bin sawun amsa, neman tallafi da yin lissafinsa, aiki ne na kullum. In aka bar wa ɗan sa-kai, mutum ɗaya mai himma zai ɗauka har ya gaji, ranar da ya ajiye kuma kwamitin ya bi shi. A haɗa da ɗan kasafi na kuɗin mota, da rigunan kariya daga nutsewa, da inshorar masu fita aiki. Ƙa'idar fita kuma ba sassauci: ba mai shiga laka ko jirgi shi kaɗai, kuma wani a tudu ya san lokacin dawowarsu.

Akwai inda aka gwada wannan tsari ya yi aiki. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin kare mashigan ruwa na arewa maso yammacin Washinton, wanda Sanata Patty Murray da ɗan majalisa Jack Metcalf suka jagoranta. Gundumomi bakwai, kowace da kwamitinta na 'yan sa-kai, da ma'aikacin da ke tallafa masa. Daga cikin abin da shirin ya haifar har da tsamo tsofaffin ragogi fiye da 5,000 da suka ɓace a ruwa suna ta kashe kifi da tsuntsaye, kuma ƙwararrun masu nutso aka ɗauka suka yi aikin, ba a tura 'yan sa-kai ƙarƙashin ruwa ba. A gaɓar Port Townsend kuma, kwamitin gundumar ya jera alamomi a kan ruwa yana roƙon masu jirage kada su jefa anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi, cikin ciyawar teku, domin anga da sarƙarta suna tuge ta, alhali a cikinta ƙananan kifaye ke fakewa. Ba doka, ba tara, roƙo ne da bayani. Ayyuka ne ƙanana masu iyaka, waɗanda ake iya gani da ido, shi ya sa muke ba da shawarar kada kwamiti ya ɗauki fiye da aiki biyu a shekara.

Wurin da wahalar 'yan sa-kai ta fi tafiya a banza shi ne awon ruwa. Samfurin da za a nemi ƙwayoyin cutar bahaya a cikinsa, a kwalba mai tsabta daga ɗakin gwaji ake ɗibarsa, santimita 15 zuwa 30 ƙasa da fuskar ruwa, a sa shi cikin ƙanƙara ƙasa da digiri 10, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6. In ya kwana a bayan mota, yawan ƙwayoyin ya canza, sakamakon ya tashi daga aiki. A rubuta ko an yi ruwan sama cikin kwana biyun da suka wuce, domin ruwan sama ne ke wanko ƙazantar magudanai zuwa teku. Iskar oksijin da ke cikin ruwa tana yin ƙasa da asuba, ta hau da rana lokacin da tsirran ruwa ke fitar da ita. Wanda ya auna da ƙarfe uku na yamma zai ce lafiya, alhali da asuba ta faɗi ƙasa da miligiram 2 a lita, inda kifi ke gudu ko ya mutu. Saboda haka wuri ɗaya, lokaci ɗaya, na'ura a daidaita ta kafin kowace fita. Uwa-uba, a zauna da hukumar da za ta yi amfani da alƙaluman a amince da hanyar awo a rubuce kafin a ɗebi kwalba ta farko. In ba haka ba, bayan shekara biyu ana fama za a ce ba a bi ƙa'ida ba, a ture aikin gefe. Wuraren kamun da masunta suka nuna kuma amana ne. A taswirar da za a fitar wa jama'a a nuna yanki mai faɗi, kada a sa ɗigo a kan ramin da mutum ke ci da iyalinsa.

Ranka ya daɗe, abu biyu muke roƙon a kiyaye. Kada a mayar da kwamitin ɗan amshin shata, a kawo masa maganar da aka riga aka gama don a ce an tuntuɓi jama'a. A kawo ta tun tana ɗanya, aƙalla zama biyu kafin majalisa ta yanke hukunci. Kada kuma a ɗora masa aikin sa ido kan masu karya doka. Mambobin nan a cikin maƙwabtansu suke kwana. Ranar da aka fara yi musu kallon masu kai rahoto, ba wanda zai ƙara gaya musu nawa ya kama ko a ina, kuma wannan bayanin shi ne ofishinka ba ya iya samu ta wata hanya.

Muna roƙon ka sa takardar kafa kwamiti, da kujerar jami'in tsare-tsare, da ƙa'idar kwana 60 a ajandar zaman majalisa mai zuwa. Kafin nan, ka umarci sakatarenka ya tattaro duk shawarwarin da kwamitin ya miƙa ba a amsa ba, a rubuta wa kowace amsarta, jami'i daga ofishinka ya kai su da kansa ya karanta a gaban mambobi.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Daga wasu masu aikin sa-kai a fannin kula da albarkatun teku